Busar da Likita Ya Hana

Shafi na 9

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar su a tsaye kwana uku, ku yi haƙuri, da yatsa ɗaya nake bugawa, tabarau ɗina kuma ya tsufa kamar ni. Ke kuma mai cewa in rage bayani in kai ki wurin rigima, 'yata, yau za ki ƙoshi.

Maganar daga Tsohon Alƙali ta fito, ranar Talata da hantsi.

A guruf ɗinmu na Masu Kunne ya rubuta ta. Mu goma sha huɗu ne, duk mun yi ritaya, aikinmu ɗaya: duk wanda ya tsinci sabon kiɗan saksofon, irin jaz ɗin nan mai laushi da ba ya tada hawan jini, sai ya turo wa sauran.

"Jama'a," in ji shi, "sabon mai busar nan da kuke ta zuzutawa ba mutum ba ne. Kwamfuta ce ke haɗa shi. An tabbatar min."

Kafin azahar guruf ya kama da wuta.

Wata ta ce ita dama ta ji a jikinta. Ita ce kuwa shekaranjiya ta ce kiɗan ya sa ta kuka.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, kuma na lura duk maganar da ta ƙare da "an tabbatar min", in ka bi sawunta ba za ka sami wanda ya tabbatar ɗin ba.

Mai busar da ake magana ba shi da suna, ba shi da fuska. Hoton wata taga a rufe kawai, a ƙasa an rubuta Bayan La'asar. Auta, 'yata ta ƙarshe, ita ta fara turo min shi wata biyar da suka wuce. Ta ce wayarta ce ta kawo mata shi da kanta, wai masu son irin wancan suna son irin wannan. Kiɗa shida kacal ya ɗora, amma mutum dubu arba'in ke bin sa.

Sababbin da ake turo mana shekarun nan duk kamar an bi su da dutsen guga suke, sumul, ba ka bambanta na Litinin da na Alhamis. Shi wannan kuwa yana busa kamar mai ba ka labarin da ya daɗe yana cin sa, yana yi yana dakatawa ya duba ko kana ji.

Na ce to, bari mu gwada.

Na jira Banmasta, mijina, ya fita tattakinsa na bayan la'asar. Ba na kunna irin wannan a gabansa, za ku ji dalili. Na ɗauko fensir da tsohuwar rajista, na toshe kunnuwana da abin sauraro, na zauna kamar mai duba jarrabawa.

Kwamfuta ba ta da huhu. Saboda haka numfashi na shiga ƙirgawa.

Kiɗa na farko, minti huɗu, ya ja numfashi sau goma sha tara.

Na uku, sau ashirin da shida.

Na shida, wanda ya ɗora makon jiya, sau talatin da takwas. Kuma a ƙarshen kowane ja akwai wani ɗan siririn fito, kamar iska na shigowa ta ƙasan ƙofa.

Na rubuta a guruf: "Mutum ne. Yana numfashi, kuma numfashin raguwa yake yi."

Alƙali ya amsa nan take: "Malama, kwamfutar yanzu har tari tana yi."

Na sake mayar da na shida baya, na ƙara murya.

Nan ne na ji.

Ƙas.

Duk lokacin da ya sauka can ƙasa, wurin da sautin ke yin kauri, sai wani maɓalli ya ce ƙas kafin sautin ya fito.

Fensirin ya faɗi daga hannuna.

Na san wannan ƙas ɗin. Jakata ce.

Shekara talatin da suka wuce, 'yar fatar da ke rufe ramin ƙasa na saksofon ɗin Banmasta ta ruɓe ana gobe za su yi wasa. Ya ɗauki almakashi ya yanki murfin jakar hannuna, sabuwa fil, ya liƙa. Fatar ta fi ta asali tauri. Tun daga ranar take cewa ƙas, ni kuma tun daga ranar nake yi masa gori.

Amma saksofon ɗin yana saman kabad ɗina, cikin akwatinsa, da kwaɗo. Makullin yana cikin tarin makullaina.

Ni na kulle shi, shekara tara ke nan.

Waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, ga dalili a taƙaice. Ƙirji ya kwantar da shi kwana goma sha biyu a asibiti, har an kira 'ya'ya. Ranar sallama likita ya tsaya a kansa, a gabana, ya ce, "Baba, in kana son ganin jikokinka sun girma, ka daina busa. In ka koma, gadon nan za ka dawo, kuma ban yi maka alkawarin sake tashi ba."

Na rubuta kalmomin a bayan takardar magani. Muna isa gida na sa kwaɗo. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jagorantar badujala ya tsaya yana kallona.

Na jawo kujera na hau. Akwatin na nan da nauyinsa, kwaɗon na nan lafiya lau. Na sauko da shi da ƙyar, na buɗe.

Zanina ne a ciki, shuɗi, wanda na yi shekara biyu ina zargin mai wanki a kansa.

Na warware shi.

Babban ƙamus ɗina, juzu'i na biyu. Da tsohon dutsen guga.

Na juya akwatin. Kusoshin maƙalar baya sababbi ne, suna ƙyalli. Bai taɓa kwaɗona ba. Ta baya ya kwance.

Duk Asabar nake goge wannan akwati da tsumma, ina tausayin abin da ke ciki. Ashe ƙamus nake wa ta'aziyya.

Sai lissafin rajistar ya dawo min. Goma sha tara. Ashirin da shida. Talatin da takwas.



Na ja mayafi, ko takalmin kirki ban tsaya nema ba.

Ban sha wahalar sanin inda za ni ba. A bayan kiɗan akwai wata fanka mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, kuma fanka ɗaya na sani mai wannan hali.

Shagon Mai Rediyo yana ƙarshen layi na uku, tsakanin tela da kantin magani. Abokin Banmasta ne tun suna samari. Shagon cike yake da gawarwakin rediyo da talabijin masu ƙeya, waɗanda masu su suka mutu ko suka manta. Ina ɗaga labule warin dalma ya mare ni, da wancan warin hayaƙi da na tsana.

Yana ganina ya miƙe, ƙarfen dalma a hannu.

"A'a! Matarmu! Yau ke ce da kanki?"

"Ni ce. Har yanzu ba ka bar hayaƙin nan ba? Kana neman saba'in da biyar."

"Ana fama, Malama, ana fama."

"Ina abokinka?"

"Wane?"

"Abokai nawa suka rage maka a duniya?"

Ya matsa ya tsaya a bakin ƙofar ciki, ya buɗe hannuwa kamar mai tsaron gida.

"Ai tattaki yake yi. Ɗazu na hango shi ya yi can. Da sauri ma."

Daga bayan ƙofar, a hankali, sauti ya taso. Mai laushi, mai kauri. Ya hau, ya yi lilo, ya sauko.

Ƙas.

"Mene ne wannan?"

"Rediyo ce. Gwaji nake yi."

Sautin ya kai wani wuri ya sarƙe. Ya tsaya. Ya koma baya ya sake ɗaukowa. Ya sake sarƙewa.

"Rediyon taka kuskure take yi ta koma baya?"

"Irin na yanzu ce."

Aka yi tari a ciki, dogo.

"Kuma tana tari."

"Malama, kwamfutar yanzu…"

"In ka ƙarasa wannan magana, da ƙarfen hannunka zan liƙe maka baki. Matsa."

Ya matsa.

Ɗakin bai fi ɗakin ajiya ba. An liƙe bangon da kwalayen ƙwai tun daga ƙasa har sama. Makirfo a ɗaure jikin sandar tsintsiya. Taga ɗaya a rufe, ita ce ta hoton. A kan tebur kofin ruwa, a ciki an tsoma kara, wato ɗan siririn karan da ake ɗaura wa bakin saksofon, wanda in babu shi ko ka busa har gobe iska kawai za ta fito.

Ga Banmasta a tsakiya, igiya a wuya, idanu a rufe, kumatu a cike.

Ban ɓoye muku ba. Na manta yadda kafaɗunsa ke miƙewa in ya riƙe abin nan. A gida tsoho ne mai neman tabarau. A nan wani mutum ne da na taɓa sani.

Ya buɗe ido.

Sautin ya mutu da wani ƙara kamar agwagwa.

"Maman Auta."

"Kwamfuta."

"Na'am?"

"An ce min kwamfuta ce. Na zo in ga wayarta."

Ya dubi Mai Rediyo. Mai Rediyo ya dubi fanka.

"Tattaki ke nan?"

"Ai da ƙafa nake zuwa."

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

"Zanina shekara biyu ke nan da ɓata."

"To… shekara biyu."

"Ka bari na kori mai wanki."

"Na nemo masa wani gidan."

"Ka sa ƙamus ɗina a akwati."

"Na farko bai kai nauyin ba. Sai da na gwada."

Mai Rediyo ya yi wani sauti ta hanci. Na juya na dube shi, ya haɗiye.

"Kai kuma kai ke ɗorawa?"

"Malama, wallahi da farko don mu biyu ne kawai. Na ce bari in ajiye a waya kada ya ɓata. Na danna wani abu, washegari na ga mutum ɗari uku. Yanzu har daga ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba ake rubuto mana. Wata ta ce da shi take kwantar da jaririnta. Wani ya ce…"

"Wani ya ce zai zo jana'iza?"



Na ciro rajistar daga jaka, don ashe da ita na fito. Na buɗe a gaban Banmasta. Na ɗora ta a tebur.

"Karanta. Goma sha tara. Ashirin da shida. Talatin da takwas. Ka san mene ne?"

Ya girgiza kai.

"Numfashinka ne. Cikin wata biyar ya ragu da rabi. Mutum dubu arba'in na sauraro suna cewa kai, ji yadda yake dakatawa, ji salo. Ba salo ba ne. Iska ce ke ƙare maka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na kwana goma sha biyu a kan kujerar roba. Ni na ji ƙirjinka na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Likita ya ce kalma ɗaya, ɗaya tak, ka daina busa. Wace ce ba ka gane ba a ciki?"

"Malama," in ji Banmasta, "ba saksofon ba ne ke…"

Ya yi shiru.

"Ba shi ne ke me ba?"

"Babu komai."

"Ƙarasa."

"Na ce babu komai. Mu je gida. Ki mayar da shi akwati, ki sa kwaɗo biyu. Na yarda."

Wannan ya ɗaure min kai. Mutumin da ya kwance akwati ta baya, ya yi shekara biyu yana min tattakin ƙarya, shi ne zai sallama cikin minti biyar? Na yi shirin awa guda ta musu. Na zo da hujjoji har da lamba.

"A'a," na ce. "Na kulle sau ɗaya, ka ga abin da ya haifar. Yau daga bakin mai maganar za ka sake ji."

Na ciro waya.

Fuskarsa ta sauya.

"Wa za ki kira?"

"Likita."

"Yana aiki yanzu."

"Ɗalibina ne. Ni na koya masa raba dogon lissafi. Zai ɗauka."

"Malama, don Allah. Mu yi wannan a gida."

Ya miƙo hannu, na ja da baya. Na danna, na sa a lasifika, na ajiye a kan rajista.

Bugu biyu ya ɗauka.

"Malama! Ina wuni? Lafiya dai?"

"Ba lafiya ba, ɗana. Kana tune da mijina?"

"Baba? Sosai. Gadon kusa da taga. Yaya jikin nasa?"

"Yana nan yana jin ka. Me ka ce masa ranar sallama?"



"Na ce ya daina busa."

"Maimaita da ƙarfi. Akwai masu ciwon kunne a nan."

"Ya daina busa, Malama. Kwata-kwata."

"To ya koma."

"Subhanallahi. Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Kullum?"

"Kullum bayan la'asar. Awa ɗaya da rabi."

"Awa ɗaya da rabi yana busawa? Ba tsayawa?"

"Yana tsayawa ya ja numfashi. Na ƙirga."

"Kin… to. Kara nawa a rana?"

Wannan ban sani ba. Na dubi Mai Rediyo. Shi kuwa da ya ga an zo fanninsa, sai ya matso ya sunkuya kan wayar, yana ɗaga murya kamar mai magana da wanda ke cikin rijiya.

"Likita, ranka ya daɗe, ba ya ɓarna! Kara ɗaya na kai shi wata guda!"

"Wata guda? Kara ɗaya?"

"In ya jiƙa shi da kyau har ya wuce!"

"Jiƙa shi?"

"A ruwa! Wani lokaci da yawu! In ya gama ya goge ya mayar gidansa!"



"Malama, wane ne wannan?"

"Abokin ɓarnarsa."

Banmasta ya ja rigar Mai Rediyo ta baya. "Kai, yi shiru. Don girman Allah yi shiru."

"Ai taimakonka nake yi."

"Malama," in ji Likita, "ki yi haƙuri, kaina ya kulle. Wace iri ce wannan da ake jiƙawa a goge a ajiye?"

"Kai ma tambaya kake yi? Ta ƙarfe. Ruwan zinare. Tun daga haɓarsa har cinya."

"Innalillahi. Baba shisha ya koma?"

"Wace shisha?"

"Ai ita ce mai ruwa."

"Ɗana, ka ci abinci yau kuwa? Ina maka maganar abin da mutum dubu arba'in ke saurara."

"Suna sauraron Baba yana busawa?"

"Har da mai kwantar da jariri!" in ji Mai Rediyo.

"Jariri? A kusa da hayaƙin?"

"Wane hayaƙi?"

Mu uku muka faɗa tare. A'a, mu biyu. Ban da Banmasta. Ya zauna a kan wata matacciyar talabijin, ya rungume saksofon ɗin a ƙirji.

Na ce wa Mai Rediyo, "Kunna masa ya ji da kunnensa, tunda Hausa ta gagara."

Ya danna wani abu a teburinsa. Kiɗa na shida ya cika ɗakin.

Bai yi daƙiƙa goma ba Likita ya yi ihu.

"Kai! Wannan ai Bayan La'asar ne! Shi nake sawa a mota in na tashi aiki! An ce ma kwamfuta ce."

"Ga kwamfutar nan zaune a kan talabijin."

"Baba ne? Baba, kai ne? Allah mai iko! Matata ba za ta yarda ba. Baba, na ukun nan, wurin da kake…"

"Likita!"

"Na'am, Malama."

"Ba taron yabo na kira ba. Ka gaya masa ya ajiye."

"Ya ajiye me?"

"Saksofon!"

"Don me?"

Na dubi wayar. Na ɗauke ta na duba sunan, ko wani na kira bisa kuskure.

"Don kai ka hana."

"Ni? Yaushe?"

"Yanzu ka maimaita da bakinka. Ka ce ya daina busa."

"Malama, ni ban taɓa sanin Baba yana kiɗa ba sai yau. A fayil ɗinsa ɗan fansho aka rubuta. Da an tambaye ni, da na ce ya jira ya warke, ya riƙa yi a hankali."

"To wace busar ka hana?"

Na ji ana kiran wata nas a bayansa, na ji an rufe ƙofa.

"Baba yana ji na?"

Banmasta ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ina ji, ɗana. Faɗa mata. Ni na kasa."

"Sigari, Malama."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

"Ka haɗa fayil ɗinsa da na wani. Mijina ba ya shan sigari. Ya bari tun ba a haife ka ba. Sharaɗina ke nan kafin in aure shi, don ita ta kashe mahaifina. A gabana ya murƙushe kwalin ya jefa a kwata. Mata nawa na ba wa wannan labari a ɗakin malamai?"

"Malama, hoton ƙirjinsa na gani. Kuma shi da kansa ya gaya min, ranar da kika sauka karɓo magani. Ya roƙe ni kada in kira sunan abin a gabanki. Shi ya sa na ce busa. Da na ga kin gyaɗa kai kina rubutawa, na ɗauka kin riga kin sani."

Na nemi wurin zama, babu. Na dafa tebur. Kofin ya girgiza, karan ya juya a cikin ruwa.

"A'a," na ce. "A'a. Warin da yake dawowa da shi na shagon nan ne. Wannan mutumin ne ke sha. Shekara arba'in ina masa faɗa."

Na nuna Mai Rediyo da yatsa.

Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu.

"Malama, ni asma gare ni tun ina yaro. Ko turaren wuta ba na iya zama kusa da shi."

"Ɗazu na ce ba ka bari ba, ka ce ana fama."

"Ai ban ce ni ke famar ba."

"Ranar sunan Auta na kore ka waje a gaban mutane, na ce kana wari."

"Rigarsa ce na ara."

Shekara arba'in ban gane ba. Ni da ke ƙirga numfashin mutum ta waya. Ni da na gano fatar jakata a cikin kiɗa.

Tari ya sarƙe Banmasta. Ya so ya danne, ya ƙi dannuwa. Ya yi ta yi har saksofon ɗin na karkarwa a ƙirjinsa, a ƙarshe wannan siririn fiton ya biyo baya.

Muryar Likita ta sauya. Ta bar ta ɗalibi, ta koma ta ranar sallama.

"Wannan tarin tun yaushe?"



"Malama, lambobin da kika ce kin ƙirga, nawa ne?"

Na karanta masa. Goma sha tara, ashirin da shida, talatin da takwas. Cikin wata biyar.

"Ya rame?"

"Na ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Na ɗauka tattakin ne."

"Gobe ƙarfe takwas ku same ni. Ba jibi ba. Ki zo da tsofaffin takardunsa duka, da wannan rajistar."

"Ɗana, mene ne?"

"Sai na gani, Malama. Ƙarfe takwas."

Ya kashe.

Mai Rediyo ya ce bari ya duba ko ya bar ƙarfen dalma a wuta. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Muka rage mu biyu.

"Ka san abin da yake nufi tun a asibiti."

"Na sani."

"Ka tsaya kana kallona na sa kwaɗo."

"Na tsaya."

"Shekara bakwai ba ka taɓa shi ba. Ina ganinka kana wucewa ta gaban kabad kana ɗaga kai. In an sa kiɗa a gidan biki sai ka tashi ka fita. Na hana yara su kunna a gabanka. Na hana a sa ka a guruf. Duk ina cewa ranka nake tsarewa."

"Na sani, Malama."

"Kalma ɗaya za ka faɗa. Ka ce ba shi ba ne. Me ya hana ka?"

Ya shafa maɓallin ƙasa da babban yatsa, bai ɗago ba.

"In na ce ba shi ba ne, za ki ce to mene ne."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Furfura ce duka, har da wurin da igiyar ta kwantar.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma ban so in yi ta ba. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa wanda ya ƙi tambaya don tsoron amsa ya riga ya faɗi. Sai ga shi yau ta zo kaina.

"Baban Auta."

"Na'am."

"Wadda likitan ya hana ɗin. Ta gaskiyar. Bayan asibiti ka daina?"

Ya sa hannu cikin bakin saksofon ɗin, can cikin faffaɗan wurin da sauti ke fita. Ya ciro wani ɗan kwali da aka naɗe da hankici, ya ajiye a kan rajistata.

"Ban daina ba, Malama. Ko kwana ɗaya."